Yadda ake zaunar da modabod cikin kesin ba tare da an ƙona shi ba

Wata ranar Asabar wani saurayi ya shigo shagona a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda kowa ya sani da Computer Village, rungume da kwamfuta kamar mai ɗauke da marar lafiya. Daga Agege ya taso. Kawunsa, wanda ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba, shi ya ba shi jari ya sayi kayan haɗa injin da zai riƙa tace bidiyon biki da shi. Ya ce, "Oga, don Allah duba mini. Komai sabo ne a kwali, amma da na danna sai fanka ta ɗan juya ta tsaya." Na ce, "Ƙanena, kai ka haɗa?" Ya ce shi ne. Muka kwance modabod ɗin, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke zama a kansa, muka ɗaga, sai ga turke guda ɗaya na tagulla a tsaye a inda bod ɗin ba shi da huda, yana gogar bayansa. Muka cire shi, muka mayar da komai, injin ya tashi. Allah ya rufa masa asiri, domin na ga waɗanda wannan ɗan ƙarfen da bai kai kan yatsa ba ya cinye musu kuɗin wata da watanni.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne: bayan modabod cike yake da ɗigon dalma da siraran hanyoyin wuta, kesin kuwa, wato akwatin da kayan kwamfuta ke zama a ciki, ƙarfe ne. Bai kamata su haɗu ba sai a wuraren da masu ƙera su suka tanada, wato zoben da ke kewaye da kowace hudar noti. Yawancin aikin da zan bayyana a nan kiyaye wannan iyaka ne.

Kafin ka fitar da kuɗi

Modabod girma-girma ne, kuma girman yana da suna. ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da tsarinsa a 1995, faɗinsa milimita 244 ne, tsawonsa 305. Ƙaninsa microATX murabba'i ne, 244 kowane gefe. Ɗan autansu Mini-ITX 170 ne kowane gefe. Babban kesin yakan karɓi ƙaramin bod, amma ƙaramin kesin ba zai karɓi babba ba ko da za a kwana ana dabara. Saboda haka tambayi mai kaya girman da kesin ɗin ke ɗauka, in da hali ma ka gwada a gabansa kafin ka bar layin Otigba da ke cikin kasuwar, don dawowa Ikeja daga Mile 12 ko Ojo cikin cunkoson Legas saboda canjin kaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai tarkon da ke kama mutanenmu da yawa. Kasuwa cike take da kwamfutocin ofis na tokumbo, irin su Dell da HP da Lenovo, masu arha da ƙwari. Sai mutum ya ce bari ya sayi ɗaya ya zubar da cikinta ya sa sabon bod. Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne da nasu tsarin na gida: hudojin ba sa dacewa da na ATX, farantin baya mai hudojin USB da sauran kafofi a manne yake da jikin kesin ɗin, wayar makunni ma nata kan daban. Ni dai shawarata, in sabon bod za ka sa, sayi kesin na gama-gari ka huta.

Wurin aiki da jikinka

Nemi tebur na katako mai faɗi, da haske sosai. Kada ka yi aikin a kan katifa ko darduma ko kafet. Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai kan tauraro lamba 2, wadda bakinta ke da maganaɗisu don kada noti ya suɓuce ya faɗa lungu, ƙaramar filaya, tocila, da ɗan kofi ko murfin kwalba na zuba notuna. Sai littafin da ya zo cikin kwalin bod ɗin. In na hannu ka saya babu littafi, lambar samfurin tana rubuce a jikinsa, ka sauko da littafin daga shafin kamfanin a wayarka.

Cire wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ba kashe makunni kawai ba. In tsohuwar kwamfuta ce kake sauya wa bod, bayan ka cire wayar ka danna makunnin gaba ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar da ke ciki ta zube.

Sai batun lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, irin wanda kake jin tas-tas in kana cire riga da hunturu. Ɗan wannan tartsatsin, ko da ba ka ji shi ba, yana iya lahanta furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ko RAM (sandar ma'adanar wucin gadi). A Legas damshin iska yana rage shi sosai, shi ya sa za ka ga masu gyara a nan ba su cika damuwa ba, ba kamar Kano ko Sakkwato ba. Amma a Disamba da Janairu in iskar hunturu ta sauko, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta busar da iska, yana dawowa. Maganinsa mai sauƙi ne: ka riƙa taɓa ƙarfen kesin ɗin kafin ka ɗauki kowane kaya, ka kama bod ta gefunansa, kada ka ɗora yatsa kan allurai ko layin ruwan zinaren RAM. In kana da abin ɗaurawa a wuyan hannu mai waya da ake maƙala wa ƙarfe, ya fi.

Abin da ya fi ba mu wahala a garin nan zufa ce. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, kana sunkuye a kan bod, sai ɗigo ya sauko daga goshi. Zufa ruwan gishiri ce, tana ɗaukar wuta kuma tana cin ƙarfe a hankali. Rataya tawul a wuya, ka riƙa goge fuska da hannu. In ta ɗiga, kada ka kunna sai ka goge wurin ya bushe sarai.

Abin da ake sawa tun bod yana waje

Ɗora modabod a kan kwalinsa. Nan ne teburin aikinsa mafi kyau. Furosesa da RAM da ma'ajiyar bayanai ta SSD irin M.2, har da fankar furosesa in ba ƙatuwa ba ce, duk sun fi sauƙin sawa yanzu, hannu yana da sarari, ido yana gani.

Furosesa tana da alamar alwatika a kusurwa ɗaya, soket ɗin ma yana da irinta. Daidaita su, ka sauke ta a hankali ta zauna da nauyinta. Ba a danna ta. In soket ɗin LGA 1700 ne na Intel ko AM5 na AMD, alluran suna jikin bod ne, sirara kamar gashi, dubu da ɗari bakwai ko ɗan sama da haka, kuma lanƙwashewar ɗaya tak tana iya hana injin tashi. In AM4 ne, alluran suna jikin furosesar. Ko wanne ne, in ka ji tana turjiya, ɗaga ka sake duba alwatikar.

RAM yana da tsaga a ƙasansa wadda ba a tsakiya take ba, don haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga, kuma DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5. In sanda biyu gare ka kuma gurbi huɗu ne, galibi na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2, amma littafinka ne alƙali. Danna har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa.

Fankar furosesa kuma, duba ƙasanta: sabuwa takan zo da siririyar leda manne, dole a ɓare ta. In an riga an shafa mata man da ke ɗaukar zafi, ya isa. In babu, ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesar. Wasu fankokin suna da farantin da ake sawa ta bayan bod. Wannan kam sa shi yanzu, domin ba kowane kesin ke da taga ta baya ba, kuma babu takaici irin ka gama ɗaure komai sannan ka ga sai ka sake kwancewa. Wayarta tana shiga inda aka rubuta CPU_FAN.

Daga nan ni ba na wucewa sai na gwada. Jona fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, da monita bod yana kan kwalinsa, ka taɓa allurai biyu na makunni, masu alamar PWR_SW, da bakin sukudireba na ɗan daƙiƙa, injin zai tashi. In hoto ya fito, ka san kayanka lafiya suke, duk matsalar da ta ɓullo daga baya ta wajen zama ce cikin kesin. In bai fito ba, ka mayar wa mai kaya tun ba a ga shatin noti a jikin bod ɗin ba, balle a ce kai ka ɓata.

Farantin baya

Kwantar da kesin a gefensa, ka cire murafen biyu. Cikin kwalin bod akwai siririn faranti mai hudojin USB da na sauti da na wayar intanet. Sabbin bod da yawa sun zo da nasu a manne, in naka haka yake ka tsallake wannan. In a ware yake, ta ciki ake tura shi zuwa waje, ka danna kusurwa huɗun har ya zauna daram. Hudojin sauti masu zagaye su ne ke kallon wajen gurabun kati, wato ƙasa in kesin yana tsaye. Bakinsa yana da kaifi kamar reza, a kula. Shi ne abin da aka fi mantawa, kuma ba ya shiga in bod ya riga ya zauna.

Turakun tagulla

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ƙanen nan namu na Agege ya yi tuntuɓe. Turakun nan, da 'yan kasuwa ke kira sitandof, 'yan gajerun ƙarafa ne masu gefe shida, ƙasansu noti, samansu rami mai zare. Suna ɗaga bod kimanin milimita 6 daga farantin kesin, su kuma haɗa shi da jikin ƙarfen ta wurin da ya halatta.

Ɗauki bod ɗinka ka ƙirga hudojin noti, waɗanda ke da zoben ƙarfe ko ɗigon dalma kewaye da su. Hudoji huɗun da ke kewaye da furosesa ba sa cikin lissafi, na fanka ne. ATX galibi tara ne, layi uku sau uku. MicroATX yakan zo da takwas, ƙananan cikinsu shida. Mini-ITX huɗu. Adadin da ka samu shi ne adadin turakun da za su kasance a kesin, ba ƙari ba ragi, kuma kowane a ƙarƙashin hudarsa.

Yawancin kesin suna zuwa da wasu turakun an riga an ɗaura su daga masana'anta, a nan haɗarin yake. Mai ƙera kesin bai san wane bod za ka sa ba. Kesin na hannu ya fi haka haɗari, domin turakun tsohon bod ne a ciki. Wasu farantan suna da haruffa kusa da hudojin, A na ATX, M na microATX, I na ITX, suna taimakawa, amma ni ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba sai na gani da idona. Dabarar da maigidana ya koya mini tun ina yaron shago ita ce: shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin bod, ka zura biro cikin kowace huda ka yi ɗigo, sannan ka ɗora takardar cikin kesin daidai da farantin baya. Duk turken da bai faɗo kan ɗigo ba, fitar da shi. Duk ɗigon da babu turke a ƙarƙashinsa, sa masa.

Rashin turke ma illa ce, ko da ba ta kai ta ƙari ba. Gefen dama, wajen da babbar wayar wuta da RAM suke, yana shan danni. In babu abin tallafi a ƙasa, bod yana lanƙwasa duk lokacin da aka danna, siraran hanyoyin cikinsa suna iya tsagewa, sai injin ya riƙa aiki yau gobe ya ƙi, a rasa dalili.

Ɗaura turke da yatsa, sannan ka ɗan ƙara da filaya kaɗan. In ka bar shi sako-sako, ranar da za ka kwance noti sai su fito tare, turken yana juyawa a ƙarƙashin bod yana kankare shi.

Kafin bod ya shiga, gwada noti ɗaya a kan turke. Jakar notunan kesin gauraye take: akwai masu zaren 6-32, mai ɗan kauri, akwai masu zaren M3, mai laushi. A ido sun yi kama. Wanda ya dace yana shiga sumul da yatsa biyu. Wanda bai dace ba ko dai ya yi ta juyawa bai kama ba, ko ya cije tun a zagaye na biyu. Ware adadin da kake buƙata a kofi. In ka gama ka ga saura a kofin, ka tsallake huda. In sun ƙare da sauran huda, ɗaya ya faɗa wani wuri, kuma ba a kunna inji da noti yana yawo a ciki.

Zaunar da shi

Janye duk wayoyin kesin gefe don kada bod ya danne su. Kama bod ta gefuna, ka karkata shi kaɗan ta yadda ɓangaren USB zai fara shiga farantin baya, sannan ka sauke sauran a hankali. Kada ka ja shi a kan turaku, kansu yana karce bayansa. In bai daidaita ba, ɗaga ka sake saukewa. Kesin da yawa suna da turke ɗaya a tsakiya mai ɗan tsini maimakon rami. Wannan jagora ne, yana shiga hudar tsakiya ya riƙe bod, ba a sa masa noti.

Yanzu tsaya, kada ka ɗauki sukudireba tukuna. Zagaya bayan kesin da tocila ka leƙa kowace kafa. Farantin baya yana da 'yan harsunan ƙarfe da ya kamata su kwanta a saman kafofin daga waje, amma sau da yawa ɗaya yakan lanƙwashe ya shige cikin ramin USB ko HDMI ko na wayar intanet. In aka kunna a haka, wuta tana iya haɗewa a kafar. Ka gan shi, fitar da bod ka miƙar da harshen, ka sake.

Farantin yakan ɗan turo bod baya, don haka tura shi da hannu ɗaya har hudoji su hau kan turaku. Fara da notin tsakiya ko na kusa da farantin, juyi biyu ko uku kawai. Sa na kusurwar da ke fuskantarsa, sannan sauran, duk a sako-sako. Sai ka ga kowane ya kama sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ɗaurewa, kusurwa zuwa kusurwa. Da zarar noti ya tsaya, ka tsaya. Wannan ba tayar mota ba ce. Ƙarfin yatsu uku a kan sukudireba ya isa. Kuma riƙe ta da kyau, don in ta zame bakinta yana iya fizge ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kayan da ke kusa da hudar.

Wasu suna sa ɗan zoben takarda ja a ƙarƙashin noti, ko su shimfiɗa soso ko ledar da bod ya zo ciki a ƙarƙashinsa wai don kariya. Kada ka yi. Zoben hudar an yi shi ne don ya taɓa noti. Soso yana riƙe zafi da damshi, ledar nan mai ruwan toka kuwa lantarki yana iya bi ta fatarta.

Wayoyi

Babbar waya mai allura 24 tana gefen dama. Tallafi gefen bod da yatsa ta ƙasa, ka danna har maƙallinta ya kama. Ta furosesa mai allura 8, wadda takan rabu 4 da 4, tana can sama a kusurwar hagu. In fankarka babba ce, gara ka jona ta tun kafin ka ɗaure bod, don hannu ba ya shiga daga baya. Kada ka rikita ta da ta katin girafik (katin da ke fitar da hoto), wadda ke rabuwa 6 da 2, an kuma rubuta mata PCIe. In fawa-fak ɗinka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, yi amfani da wayoyinsa kaɗai. Na wani samfurin suna iya shiga ramin, amma jerin wutarsu daban, kuma suna ƙona kaya nan take.

'Yan siraran wayoyin gaba su ne masu gajiyar da ido. POWER SW da RESET SW ba ruwansu da fuska, ko ta yaya ka sa za su yi. HDD LED da POWER LED suna da + da −, in ka juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba, ba abin da zai lalace. Bi zanen littafi. Wayar HD AUDIO da ta USB 2.0 sun yi kama, amma ramin da aka toshe a kowace daban yake, duba kafin ka tura. Ta USB 3.0, mai kauri, alluranta suna saurin lanƙwashewa, a miƙe ake shigar da ita.

Kafin ka danna makunni

Ɗaga kesin ka ɗan jijjiga shi kusa da kunne. In ka ji wani abu yana ƙara, nemo shi.

Sannan juya bayan fawa-fak. Tsofaffi da masu arha, musamman na tokumbo da suka fito daga Amurka, suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara za ka ji da hayaƙi. Sabbi masu kyau ba su da wannan makunnin, suna daidaita kansu.

Kada gwajin farko ya zama kai tsaye a kan ƙaramin janareta, ko lokacin da wuta ke rawa. Sa UPS ko sitabilaiza a tsakani, ka kuma guji lokacin da ake sauyawa daga janareta zuwa NEPA. In ka taɓa kesin ka ji yana ɗan jan hannu, yawanci ba laifin zaman bod ba ne, soket ɗin gidan ne ba shi da wayar ƙasa, abin da ya zama ruwan dare a gidajen haya da shaguna a garin nan. Mai gyaran wuta za ka kira.

Bar murfin gefe a buɗe ka kunna. In akwai katin girafik, wayar monita a jikinsa take shiga, ba a jikin bod ba. Bod mai DDR5 yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye a tashin farko allo yana baƙi, yana gwada RAM, ka ba shi lokaci. Bod da yawa suna da 'yan fitilu huɗu, CPU da DRAM da VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. In kuwa fanka ta juya ta tsaya, alhali injin ya tashi lafiya a kan kwali, cire wayar bango, ka kwance bod ka sake ƙirga turaku. In hoton BIOS, wato shafin saitin bod, ya fito, duba zafin furosesa da adadin RAM, ka bar shi yana aiki kamar minti goma kana kallon zafin bai yi ta hawa ba, sannan ka kashe, ka ɗaure wayoyi nesa da fankoki, ka rufe murfi.